Jiran Lodi Ma Kuɗi Ne: Darasin Tsofaffin Kwamfutocin Gida Ga 'Yan Kasuwa

JOS (Sharhin Musamman) — Duk wanda ya ratsa unguwar Daɗin Kowa, a kan hanyar da ta haɗa Jos da Bukuru, bayan sallar la'asar, da wuya ya rasa cin karo da irin ɗan shagon nan da matasa ke kira gidan gem: talabijin biyu ko uku, benci, na'urar wasa, sai kuma janareto yana ruri a bakin ƙofa. Yaran da ke ciki idonsu na kan ƙwallo, shi kuwa mai shago idonsa na kan agogo, domin hajar da yake sayarwa lokaci ne. Man da janareto ke sha sa'ad da na'ura ke shirya wasa daidai yake da wanda yake sha sa'ad da ake bugawa, sai dai mintocin shirin babu mai biyan kuɗinsu.

Wannan ɗan jira, wanda masu sana'ar ke kira lodi, yana da dogon tarihi a harkar ciniki. Shekaru arba'in da suka wuce ya buɗe wa wasu kamfanoni ƙofar arziki, ya raba kasuwannin duniya gida uku, ya kuma taimaka wajen tantance irin na'urar da ta samu gindin zama a Nijeriya da wadda ba ta samu ba. Babu inda al'amarin ya fi fitowa fili kamar a wasannin labari na kwamfutocin gida na shekarun 1980, saboda haka daga nan za mu ɗauko zaren.

Tebur da sito

Kowace kwamfuta tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda take kamar teburin mai shago: abin da ke kanta a hannu yake, amma ƙarama ce, kuma da an ɗauke wuta komai ya goge. Akwai kuma kaset ko faifai, wanda yake kamar sito: yana cin kaya da yawa, ba ya mantuwa, amma sai an je an ɗebo. Ɗebo kaya daga sito zuwa tebur shi ne lodi. Ana auna kayan da bayit, wato gurbin harafi ɗaya, kuma bayit 1,024 su ne kilobayit ɗaya.

Manyan na'urorin zamanin sun haɗa da Apple II, wadda ta fito a 1977 a kan dala 1,298; da ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair na Ingila, wadda ta fito a Afrilun 1982 a kan fam 125 mai kilobayit 16, da fam 175 mai kilobayit 48; sai kuma Commodore 64, wadda ta shiga kasuwa a Agustan 1982 a kan dala 595 da kilobayit 64. Hoto guda da wayar hannu ke ɗauka a yau ya ninka wannan ƙwaƙwalwa sau da dama.

Wasan harbi ko na tsere yakan shige cikin wannan ɗan wuri a lodi ɗaya, a yi ta bugawa har a gaji. Wasan labari, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa da haruffan RPG, ba haka yake ba. A cikinsa mai wasa yana shiga rigar jarumi ne, ko ya jagoranci ayarin jarumai, ya bi garuruwa da dazuzzuka da kogunan dutse, ya yi magana da mutane, ya sayi makami, ya tara dukiya da ƙwarewa, kuma labarin kan ɗauki makonni kafin a ga ƙarshensa. Duniyar irin wannan wasa ta fi ƙarfin tebur. Tilas a bar mafi yawanta a sito, a riƙa ɗebowa duk lokacin da aka shiga gari ko aka gamu da abokan gaba.

Wizardry, wanda kamfanin Sir-Tech ya fitar a 1981, da jerin Ultima na Richard Garriott, duk a kan faifai suka dogara. Ultima IV na 1985 ya zo a kan faifai biyu masu fuska biyu-biyu. Ultima V na 1988 ya zo a kan huɗu, haka nan Pool of Radiance na kamfanin SSI, wanda shi ma ya fito a 1988, ya zo wa masu Commodore 64 a kan faifai huɗu, wato fuskoki takwas. Mai wasa kan wuni yana cire wannan ya sa wancan, ya juya, ya jira.

Tsimin da aka yi a kan kebul

Injin karanta faifai na Commodore, mai lamba 1541, ya yi suna wajen nawa, kuma asalin nawar shawara ce ta kasuwanci. Tsofaffin kwamfutocin kamfanin, samfurin PET, suna amfani da kebul mai layuka takwas da ke ɗaukar bayit guda a tashi ɗaya. Kebul ɗin yana da tsada, ga wahalar samu. Shugaban kamfanin, Jack Tramiel, wanda aka sani da matse farashi, ya umarci injiniyoyinsa su rabu da shi, sai suka koma ga kebul mai arha wanda bayani ke bi ta layi ɗaya, ɗigo-ɗigo.

Da hakan bai zama matsala babba ba, da ba don an gano aibi a ƙwayar lantarki mai lamba 6522 ba, wadda aka shirya za ta riƙa tura bayanin da sauri. Lokacin gyara ya ƙure, sai aka ɗora wa ƙwaƙwalwar lissafi ta kwamfutar aikin tura kowane ɗigo da kanta. Da aka zo ƙera Commodore 64 an samu sabuwar ƙwaya marar wannan aibi, amma layukan da za su ba da damar cin moriyarta ba su shiga allon da aka buga a masana'anta ba. Bugu da ƙari, ƙwayar da ke zana hoto a sabuwar na'urar takan dakatar da ƙwaƙwalwar lissafi a kai a kai don ta ɗebi abin da za ta nuna, dole aka ƙara rage gudun kebul ɗin don kada bayani ya zube a hanya. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare.

Sakamakon shi ne injin da aka sayar kimanin dala 400, wanda ke da tasa ƙwaƙwalwar lissafin a ciki, yana miƙa bayit 300 zuwa 400 kacal a daƙiƙa. A wannan gudu, shirin kilobayit 40 yana cin fiye da minti ɗaya da rabi, kuma karance fuskar faifai guda mai kilobayit 170 zai ci sama da minti bakwai. Injin faifan Apple, wanda Steve Wozniak ya tsara aka fitar a 1978, ya fi shi sauri ninki da dama, alhali kayan da ke cikinsa ba su kai na Commodore yawa ba.

Wanda bai da kuɗin injin faifai sai ya koma ga kaset, kuma a nan ne haƙuri ke ƙarewa. Rikodar Commodore tana karanta kimanin bayit 50 a daƙiƙa, domin kowane bayani sau biyu ake naɗarsa don gudun kuskure, saboda haka wancan shirin na kilobayit 40 zai ci kusan minti goma sha huɗu. Spectrum ta ɗan fi, tana cika ƙwaƙwalwarta ta kilobayit 48 cikin kimanin minti biyar.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne kuɗin da kamfanin ya tsimta a kan kebul bai ɓace ba, komawa ya yi kan mai saye, wanda ya riƙa biyansa da mintocinsa kullum har na'urar ta tsufa. Sai dai gaskiya ita ce dabarar Tramiel ta ci riba. A 1983 farashin Commodore 64 ya sauko zuwa wajen dala 200, ƙiyasin adadin da aka sayar kuma ya kama daga miliyan 12 da rabi zuwa miliyan 17, abin da ya sa ake lissafa ta a matsayin samfurin kwamfuta guda da aka fi saye a tarihi. Karyewar kamfanin a Afrilun 1994 tana da wasu dalilai na daban. Yaron da ke ɗakinsa a Amurka ko Jamus, ga wuta ba ta yankewa, ga lokacin hutu a hannu, jira bai yi masa tsada ba, don haka ya zaɓi arha.

Nawar wani, abincin wani

Giɓin da Commodore ya bari bai daɗe a buɗe ba. A 1984 kamfanin Epyx ya fito da wani ɗan akwati mai suna Fast Load, wanda ake cusawa a bayan kwamfuta, ya ninka gudun lodi kimanin sau biyar. Dabarar ita ce a aika wa ƙwaƙwalwar da ke cikin injin faifan sabon umarni, yadda ita da kwamfutar za su yi musayar bayani ta hanya mafi gajarta a kan wannan kebul ɗin dai. Wasu kamfanoni a Ingila da Holan suka bi sahu da nasu akwatunan, masu buga wasanni kuma suka fara sanya irin wannan dabara a cikin faifansu da kaset ɗinsu. Shi kansa Commodore sai a 1985 ya gyara matsalar, da samfurin 128 da injin faifai mai lamba 1571.

Har shi jiran sai da aka mai da shi haja. Kamfanin Mastertronic na Ingila, mai sayar da wasanni a kan fam 1.99, ya riƙa sanya ɗan ƙaramin wasan harbi da ake bugawa yayin da babban wasa ke lodi daga kaset, tun a 1987. Daga baya kamfanin Namco na Japan ya nemi rajistar mallakar irin wannan dabara a Amurka a 1995, rajistar da ba ta ƙare aiki ba sai a 2015.

Hanyoyi uku

Kowace babbar kasuwa ta magance matsalar daidai aljihun masu sayenta. A Amurka, inda iyalai da dama suka iya sayen injin faifai, wasannin labari suka yi ta girma, aka karɓi jira a matsayin ladan girman. Pool of Radiance ya sayar da kwafi sama da dubu 250 duk da yawan sauyin faifai. Idan aka ƙaddara cewa mutum zai shafe awa arba'in a kan irin wannan wasa, kuma minti goma na kowace awa lodi ne, to kusan awa bakwai zai yi yana kallon fitilar injin tana ƙyaftawa.

A Ingila kaset ne ya mamaye kasuwa, shi kuwa kaset ba ya tsallake, sai an bi shi daga farko zuwa inda ake nema. Da aka mai da The Bard's Tale, wasan Amurka na 1985, kan kaset don masu Spectrum a 1988, dole aka yanyanka shi, mai wasa ya riƙa tariya yana neman sashen da zai loda. Marubutan wasannin Ingila sai suka ƙware wajen matse duniya guda cikin lodi ɗaya. The Lords of Midnight na Mike Singleton, wanda ya fito a 1984, ya ƙunshi wurare kimanin 4,000, kowanne ana iya dubansa ta fuskoki takwas, duk a cikin kilobayit 48, domin na'urar ba adana hotunan take yi ba, haɗa su take yi nan take daga 'yan siffofi kaɗan.

Japan ta ɗauki hanya ta uku. Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a 1983, tana amfani da katirij, wato akwatin da wasan ke zaune a ƙwayar lantarki, na'ura ta karanta shi kai tsaye. A nan sito da tebur sun zama abu ɗaya, da an kunna sai wasa. Dragon Quest na 1986 kilobayit 64 ne kacal, amma babu jira ko kaɗan, kuma da kashi na uku ya fito a Fabrairun 1988 an sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a ranar farko. Tsadar wannan hanya a kan mai bugawa take, domin ƙera katirij ya fi naɗar kaset tsada nesa ba kusa ba, kuma wanda bai sayu ba asara ce mai nauyi.

Akwai kuma masu sayen saurin da kuɗinsu. Dungeon Master, wanda ya fito a ƙarshen 1987 a kan Atari ST, ya nuna kogo da dodanni suna motsi nan take ba tare da jiran mai wasa ba. Da aka kai shi kan Amiga sai ya buƙaci megabayit guda, alhali Amiga 500 da rabin haka take zuwa, lamarin da ya sa mutane da yawa suka sayi ƙarin ƙwaƙwalwa domin wasa guda.

Yadda abin ya kasance a Nijeriya

Waɗannan kwamfutoci ba su taɓa zama kayan kowa da kowa a ƙasar nan ba, kuma lissafin a bayyane yake. A 1982 dalar Amurka tana kan kimanin kwabo 67 a farashin gwamnati, saboda haka Commodore 64 da injin faifanta, wato wajen dala 1,000, sun kama kusan naira 670 kafin kuɗin dako da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 125 ne a wata, ke nan albashin fiye da wata biyar. A shekarar ce kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu wadda ta taƙaita shigo da kaya. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, an soke lasisin shigo da kaya, amma dala ta haura zuwa wajen naira huɗu a 1987. Kwamfutar da a 1982 take daidai da naira 400, a 1987 ta zama daidai da naira 800 ko da an same ta a kan dala 200. Farashinta ya faɗi a can, ya ninka a nan.

Galibin waɗanda suka shigo a jakar matafiya suka zo. Jos na daga cikin garuruwan Arewa da suka fi yawan irin waɗannan matafiya, saboda jami'arta, da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, da iyalan ma'aikatan mishan da na kamfanonin kuza. Kuma na'urar Ingila ta fi dacewa da gidajenmu, domin talabijin ɗinmu tsarin PAL yake bi kamar nasu, ƙarfin wutarmu ma irin nasu ne, ba rabinsa ba kamar na Amurka. Ma'ana, abin da ya fi saurin isowa shi ne kwamfutar kaset, wadda ta fi kowacce rashin dacewa da manyan wasannin labari. Har ila yau wasan da aka tsara don talabijin ɗin Amurka, mai sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, yakan rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a kan tsarin PAL mai sau 50.

Babban cikas kuwa wuta ce. A inda lantarki ke tsaye, jiran minti goma sha huɗu gajiya ce kawai. A inda hukumar NEPA kan ɗauke wuta ba sanarwa, caca ce, domin ko da saura daƙiƙa biyar a gama, in fitila ta mutu sai a tariyo kaset a faro daga farko. Wasan labari ya fi shiga haɗari, domin yana buƙatar adana inda aka tsaya, kuma idan wuta ta yanke daidai lokacin da injin ke rubutu a faifai, aikin makonni na iya salwanta. Yankin Filato ya ɗan bambanta, domin kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 don samar wa ma'adinan kuza wuta daga ruwan Kurra, yana ba wasu sassan Bukuru da kewaye lantarkin da aka yi wa shaidar ɗorewa, amma ba kowane gida ne ke kan layinsa ba.

Sai kuma ƙurar hunturu. Faifan zamanin, mai faɗin inci biyar da kwata, yana da tsaga a buɗe inda kan injin ke taɓa shi, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata shi. Sanyin Jos, wadda ke kan tudun kimanin mita 1,200, yana taimaka wa injin 1541 da aka sani da ɗaukar zafi, amma ba ya maganin ƙura. Kaset kuma, wanda ake kwafa a rediyo mai gida biyu kamar na waƙa, ingancinsa kan ragu da kowane kwafi, kuma dabarun lodi mai sauri su suka fi ƙin kwafi marar kyau.

Saboda haka da kwaikwayon Famicom ƙirar Taiwan da Sin suka kwararo a shekarun 1990, ta kasuwannin kayan lantarki irin su Alaba a Legas, da Onica, da Sabon Garin Kano, har zuwa babbar kasuwar Terminus ta Jos kafin gobarar Fabrairun 2002, ba su sha wahalar samun masu saye ba. Suna da arha, ba su da abin da ke juyawa balle ƙura ta kama, kuma in wuta ta dawo ko da ta minti ashirin ce, duka minti ashirin ɗin wasa ne. Sega Mega Drive ta biyo baya da irin wannan fa'ida.

Da gidajen gem suka yaɗu, sai lissafin ya ƙara tsananta a kan wasannin labari. Wasan ƙwallo ko na dambe yana ɗaukar mutum biyu, ya ƙare cikin 'yan mintoci, a karɓi kuɗi, wasu su hau. Wasan labari mutum ɗaya yake zaunarwa, ba shi da wurin tsayawa da za a yanka masa farashi, yana buƙatar a ajiye wa kowane mai wasa inda ya kwana, ga dogon rubutu da Turanci. Ɗabi'ar matasanmu ta fifita ƙwallo tana da tushe a son ƙwallon kansa, amma tsarin kuɗin shagon ma ya ba da gudummawa.

Sa'ad da jira ya biya kuɗinsa

Kada a ɗauka cewa mai sauri ne kullum ke cin kasuwa. Da kamfanin Sony ya fito da PlayStation a Disambar 1994 a kan faifan CD, ya dawo da jiran da katirij ya kawar. Nintendo ya tsaya a kan katirij da na'urarsa ta Nintendo 64 a 1996. Amma CD yana cin kimanin megabayit 650, katirij mafi girma na Nintendo 64 kuwa megabayit 64 ne, ga shi buga CD ya fi arha ƙwarai. Kamfanin Square, wanda ya daɗe tare da Nintendo, sai ya kai babban wasansa na labari, Final Fantasy VII, wurin Sony a 1997 a kan faifai uku. A ƙarshe an sayar da PlayStation sama da miliyan 100, Nintendo 64 kuwa kimanin miliyan 33. Jiran 'yan daƙiƙoƙi ne aka karɓa a madadin wasa mai girma da farashi mai sauƙi, kuma a Nijeriya arhar faifan ta sa ko gidajen gem suka rungumi PlayStation.

A yau PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, tana ɗebo gigabayit 5.5 a daƙiƙa, fiye da ninki miliyan 13 na gudun injin 1541. Masu sha'awar tsofaffin na'urori kuma sun buɗe wata 'yar kasuwa ta kansu. Ana ƙera ƙananan na'urori irin su SD2IEC da ke maye gurbin injin faifai da katin ajiya irin na waya, ko da yake wasu wasannin ba sa tashi a kansu, domin dabarar lodinsu tana neman ainihin ƙwaƙwalwar da ke cikin tsohon injin. A 2018 wani kamfanin Ingila ya fitar da ƙaramin kwaikwayon Commodore 64 ɗauke da wasanni a ciki, ba kaset ba faifai.

Lissafin da ya kamata a yi

Mu koma Daɗin Kowa da alƙalami. Mu ƙaddara shago yana aiki awa shida, wato minti 360, wasa guda yana cin minti goma, lodi da shiri kuma minti biyu. Talabijin guda zai ba da wasa 30. Idan aka rage shirin zuwa rabin minti, zai ba da 34. In ana biyan naira 200 a wasa, bambancin naira 800 ne a rana, naira 24,000 a wata, a talabijin uku kuma naira 72,000, ba tare da ƙarin ko lita ɗaya ta mai ba. Wannan misali ne kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman, kuma yana aiki ne idan akwai masu jiran layi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane minti na janareto ya ƙara daraja.

Haka lissafin yake ga mai shagon buga takardu, da mai rajistar jarrabawa ta intanet, da mai na'urar POS. An ga zahirin haka a watannin farko na 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, inda tura kuɗi ta bankuna da dama ya riƙa maƙalewa saboda cunkoso, 'yan kasuwa masu yawa kuma suka koma ga sababbin kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su OPay da Moniepoint, saboda saƙon shigar kuɗi yana zuwa mai saye na tsaye.

Don haka kafin a biya kuɗin kowace na'ura, musamman ta hannu wadda ta cika kasuwanninmu, yana da kyau a yi mata tambayoyi huɗu. Minti nawa take ci daga kunnawa zuwa fara aiki, kuma sau nawa za a yi wannan jira a rana? Me ke salwanta idan wuta ta yanke a tsakiyar aiki? Wane sashe ne mafi nawa a cikinta, tun da shi ne ke yanke gudun sauran, kamar yadda kebul guda ya daƙile Commodore 64? Sannan nawa ne kuɗin gyara wannan sashe shi kaɗai? Sau da yawa sauya ma'ajiyar tsohuwar kwamfuta da sabuwa marar juyi, ko ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, ko sayen ɗan batirin da ke riƙe wuta na 'yan mintoci, ya fi sayen sabuwar na'ura riba.

Mai sayarwa farashin da ke kan kwali kaɗai zai faɗa. Sauran kuɗin, wanda za a riƙa biya kullum da lokaci da mai da haƙurin abokan ciniki, sai mai saye ya zauna ya lissafa da kansa, gwargwadon wutar unguwarsu da yawan masu tsayuwa a gaban teburinsa.